Hasken sama da ake ɗauka gobara ce

Can ƙuryar arewacin duniya, a Norway da Finland da Kanada, akwai daren da wani koren haske kan cika sama yana kaɗawa, ba wata ba ne, ba kuma walƙiya ba. Turawa na ce masa aurora. Rana ce ke feso wasu ƙananan ƙwayoyi, maganaɗisun duniya ya ja su ƙuryoyinta biyu, su yi karo da iskar can sama, ita kuma ta kama haske.

Mutumin garin Aderbissinat zai ce ina ruwansa. To, ya saurara. Ranar 4 ga Fabrairu 1872 rana ta tunzura ƙwarai, har aka ga hasken a Bombay da Khartum. A duba taswira: Khartum da Aderbissinat kusan layi ɗaya suke, digiri 15 da ɗoriya arewa da layin da ya raba duniya biyu.

Sai dai ko ya zo, ba kore za mu gani ba. Koren yana tsakanin kilomita 100 da 150 a sama, jan kuwa ya haura 200. Wanda ke nesa a kudu, lanƙwasar duniya ta ɓoye masa gindin, kan kawai yake hange, ja wur a gefen sama ta arewa. Buzu ko Bafulatanin da ya ga haka bayan kaka, ciyawa ta bushe ƙayau, wutar daji ce za ta faɗo masa a rai, ya fara tunanin inda zai kora dabbobi. Kuma ba shi da laifi. Daren 25 ga Janairu 1938 Turawa ma haka suka ruɗe: ƴan kwana-kwana suka yi ta fita, a Ingila har ana cewa fadar Windsor ce ta kama.

Matafiya a jirgin sama su ne ƴan gata. A ƙarshen Fabrairu 2023, a jirgin easyJet da ya taso daga Reykjavik zuwa Manchester, fasinjojin gefe ɗaya ne kawai ke morar kallo. Sai matuƙin ya sa aka rage fitilu, ya yi wa jirgin juyi guda cif a sararin sama don na ɗaya gefen su ma su kashe ƙwarƙwatar ido. Ba wai jirgi na ratsa hasken ba ne, shi da bai wuce kilomita 12 ba. Abin da ya fi mu da shi, yana saman gajimare da hazo.

Abin ba ado kawai ba ne. A Satumba 1859, lokacin da aka gan shi har Cuba da Hawaii, masu aika saƙon tangaraho tsakanin Boston da Portland sun cire batir, suka ci gaba da aiki da lantarkin da guguwar ranar ta zuba a waya. A Maris 1989 kuwa irin wannan guguwa ta sa lardin Quebec ya yi awa 9 babu wuta.

Hasken Mayu 2024 ya kai Mexico da tsibiran Canary, guguwar ranar kuma ta rikita GPS na taraktocin manoman Amurka ana tsakiyar shuka. Da yawa a wayar salula suka fi ganinsa, don idon mutum ba ya rarrabe launi sosai cikin duhu.

Mu ma muna da namu abin mamakin, kuma shi ba sai an jira rana ta tunzura ba. A dajin da ke tsakanin Agadas da Tanout, daren da babu wata babu ƙura, wani farin haske kan miƙe tsaye ta gabas tun da sauran dare. Hasken rana ne ke dukan ƙurar da ke yawo tsakanin duniyoyi. Malaman fiƙihu sun daɗe da saninsa, alfijirin ƙarya ke nan: ba ya shigar da sallar asuba, ba ya kuma hana mai sahur ƙarasa furarsa.