3.2 Asalin Zaman Tare Tsakanin Halittu Masu Ƙwaya Ɗaya da Gansakuka

A sashen da ya gabata an yi bayanin gansakuka, wato koren nan da ke rufe fuskar kududdufi idan damina ta yi nisa. A wannan sashe kuwa za a duba yadda wasu ƙananan halittu masu ƙwaya ɗaya tak suke ɗauke da gansakuka a cikin jikinsu, da kuma matakan da wannan zama yake bi kafin ya kafu.

Ruwan da ke kwanciya a kududdufan Gusau da Tsafe, da wanda kogin Sakkwato ke bari a gefen Bunguɗu bayan ya janye, irinsa ne mazaunin waɗannan halittu. Wadda masana suka fi nazari a kanta ita ce Paramecium bursaria, wadda ake samu a ruwan daɗi maras gudu a sassan duniya da dama. Tsawonta kimanin kashi 1 cikin 10 na milimita ne, sai da madubin ƙara girma ake ganinta. A cikinta akwai ɗaruruwan ƙwayoyin gansakuka da ake kira Chlorella, su ne suka mayar da ita koriya. Gansakukar takan haɗa sukari da hasken rana ta ba ta, ita kuma ta ba gansakukar sinadarin naitirojin da mafaka.

Abin lura shi ne, wannan zama da ci yake farawa. Halittar takan haɗiye gansakuka ne a matsayin abinci, ta narkar da mafi yawanta, sai 'yan kaɗan su tsira a cikin wata 'yar jaka da ruwan narkarwa ba ya shiga. Waɗannan su ne ke hayayyafa a ciki, kuma idan halittar ta rabu biyu kowane ɓangare ya tafi da rabonsa.

An daɗe ana kwatanta wannan da cuɗe ni in cuɗe ka. To amma binciken da Lowe da abokan aikinsa suka buga a Ingila a shekarar 2016 ya nuna ba haka abin yake ba ɗungurungum. Sun gano cewa gansakukar ta fi yaɗuwa idan tana zaman kanta a ruwa, kuma mai masaukin ce ke ƙayyade yawanta gwargwadon hasken da ake da shi. A cikin duhu ma baƙin sukan zame mata kaya. Ke nan a ganin wannan bincike, zaman ya fi kama da na makiyayi da saniyar tatsa: ana kula da ita, amma ba don Allah ba.

A wannan mataki kowannensu na iya rayuwa shi kaɗai idan aka raba su. Mataki na gaba shi ne inda rabuwar ke gagara, domin a tsawon miliyoyin shekaru baƙon yakan yi asarar yawancin ƙwayoyin gadonsa, wasu kuma su koma hannun mai masauki, har ya zama tamkar gaɓa a jikinsa. Mereschkowsky ya kawo wannan ra'ayi a 1905, Margulis ta farfaɗo da shi a 1967, kuma a yau masana sun yi ittifaƙi cewa ta wannan hanya koren da ke cikin ganyen gero da dawa ya samo asali, fiye da shekara biliyan 1 da suka wuce.

Misalin da ya fi shafar mutanen Zamfara kuwa yana cikin jini ne. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, Plasmodium falciparum, wadda ke kwantar da yara a asibitocin Gusau daga Agusta zuwa Oktoba, ita ma halitta ce mai ƙwaya ɗaya. A 1996 aka tabbatar cewa tana ɗauke da ragowar wata gansakuka da kakanninta suka haɗiye. Ragowar tana nan a naɗe cikin tantani 4, ta daina amfani da hasken rana, amma har yanzu tana da ɗan guntun gadonta na kanta. A 2008 kuma aka bayyana wata 'yar'uwarta a tekun Ostareliya, Chromera velia, wadda har yanzu take haɗa abincinta da rana, abin da ya ƙara wa hujjar ƙarfi.

Muhimmancin wannan ga harkar magani a bayyane yake, tun da jikin ɗan Adam ba shi da irin wannan gaɓa, ana iya kai mata hari ba tare da an taɓa majinyaci ba. Maganin doxycycline ita yake lalatawa. Sai dai aikinsa na da jinkiri, don ƙwayar da ta sha maganin takan ci gaba da hayayyafa, 'ya'yanta ne ke mutuwa a zagaye na biyu, shi ya sa likitoci ba sa dogara da shi kaɗai ga wanda zazzaɓi ya riga ya kayar. Yeh da DeRisi sun nuna a Amurka a 2011 cewa, muddin ƙwayar tana cikin jini, sinadari guda ɗaya kacal take buƙata daga wannan gaɓa, kuma da suka zuba mata shi a ɗakin gwaji sai ta ci gaba da rayuwa ko da gaɓar ta ɓace.