Ina Kuɗin Lampo Suke Zuwa?



Wata ranar Laraba da la'asar muna cikin darasin lissafi a makarantarmu ta yaƙi da jahilci. Sai wani dattijo daga cikin ɗalibaina ya tuɓe hularsa, ya fiddo wata ƴar takarda a naɗe. Takardar biyan lampo ce. Ya bi lambobin da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, har ya karanta kuɗin da ya biya wa kansa da iyalinsa. Duk aji ya yi masa tafi. Shi kuwa bai yi ko murmushi ba. Ya ce: "Malam, shekara da shekaru ina biyan kuɗin nan. Rijiyar garinmu ta rufta tun bara, ba wanda ya zo ya dube ta. Ina kuɗin suke zuwa?"

Na ce: "Baba, tambayarka ta fi darasin yau nauyi. Ka ba ni kwana bakwai."

Ran kasuwa na hau amalanke na tafi birni, na shiga gidan magajin gari, wanda muke ce wa meri. Na wuni ina tambaya, domin matambayi ba ya ɓata. Abin da na samo shi ne na kawo muku, don na san tambayar Baba tana cikin zuciyar mutane da yawa.

Mene ne komin?

Komin ita ce ƙaramar hukumar da ta fi kusa da talaka. Gari ne babba tare da ƙauyuka da rugagen da ke kewaye da shi. A shekarar 2002 aka yi dokar da ta raba ƙasarmu Nijar zuwa komin 265. Guda 213 na karkara ne, guda 52 na birni. Garuruwa irin su Tasawa, Dakoro, Magarya, Madawa da Dogon Dutsi duk komin ne na birni, amma akwai ƙauyuka da yawa a ƙarƙashinsu. Saboda haka ko kana zaune a tunga mai gida biyar, kana da meri taka.

An yi zaɓen wakilan komin na farko a watan Yuli na 2004. An sake yi a 2011, kuma an yi a watan Disamba na 2020. Waɗannan wakilai su ne konseye. A wancan lokacin su ne suke zaɓen magajin gari daga cikinsu. A watan Afrilu na 2024 hukumar mulkin soja ta CNSP ta rushe majalisun komin, ta naɗa kantomomi su riƙe garuruwa a madadin magadan gari. Amma ƙofar meri ba ta rufe ba. Ana karɓar haraji, ana yin takardu, ana biyan ma'aikata. Wanda ke kan kujera yana canzawa, aikin yana nan.

Daga ina kuɗi ke shigowa?

Komin ba ta da gona, ba ta da garke. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kuɗinta na farko daga hannunmu suke fitowa.

Na ɗaya shi ne lampo, wato harajin da kowane baligi mai lafiya yake biya sau ɗaya a shekara. Mai gari ko ardo shi ke tarawa ya kai meri, ana kuma ba shi wani kaso ladan wahalarsa. A shekarun da suka biyo bayan zaɓen 2004, mutanen ƙauyuka da yawa sun san shi da sefa 700, wato dala 140.

Na biyu kuɗin kasuwa ne. Mai rumfa yana biya, mai kasa kaya a ƙasa yana biya. A kasuwar bisashe ana biya a kan raƙumi, saniya, jaki, tunkiya da akuya. Akwai kuɗin tasha da motoci ke biya. Akwai kuɗin mayanka da mahauta ke biya. Akwai kuɗin filayen gina gida da komin ke yankawa ta sayar.

Na uku shi ne taimakon gwamnati. A 2008 an kafa wata ma'aikata mai suna ANFICT, wadda ta hanyarta gwamnati ke tura wa komin kuɗin tallafi. Akwai kuma ƙungiyoyin agaji da ke kama wa komin wasu ayyuka. Sau da yawa sai komin ta zuba nata kaso kafin su zuba nasu. In akwatin komin babu kome, aikin sai ya wuce wani gari.

Bari mu yi lissafi kamar yadda muke yi a aji. A ce ƙauye yana da masu biyan lampo 300, kowa ya biya sefa 700. An tara sefa 210.000, wato jika 210. In rabin mutane ne kawai suka biya, jika 105 ke nan. A ce kuma kasuwa tana da masu sayarwa 200, kowa ya biya dala 10, wato sefa 50. Ran kasuwa ɗaya an samu jika 10. Kasuwa tana ci sau 52 a shekara. An samu jika 520. Kun ga ƴar dala goman da muke rainawa ta fi lampon ƙauye guda.

A nan ne akwai rami. Ni da idona na ga mai karɓar kuɗin kasuwa ya amshi dala biyar a hannun wata mai sayar da kuka, bai ba ta tikiti ba. Ita tana murna an rage mata. Ba ta san cewa kuɗin da aka karɓa ba tikiti ba su isa meri ba. Tikiti yana da lamba. Da lambar nan ake ƙidaya abin da mai karɓa zai zuba a akwati. In ka biya ba a ba ka tikiti ba, ka ciyar da mutum ɗaya, ka hana gari duka.

Wa ke yanke shawara?

Kowace shekara komin tana rubuta kasafin kuɗi. Kasafi kamar lissafin maigida ne bayan girbi: dami nawa na samu, nawa za a ci, nawa za a ajiye don iri, nawa za a sayar don biki da magani. Shekarar kasafi tana farawa ran 1 ga Janairu, ta ƙare ran 31 ga Disamba. Shi ya sa ake shirya na baɗi tun kaka.

Dokar tafiyar da ƙananan hukumomi ta 2010 ta ce majalisar komin ta zauna sau huɗu a shekara, bayan kowane wata uku. A lokacin da majalisun ke aiki, konseye ne suke jefa ƙuri'a a kan kasafi. Sarakunan gargajiya suna zama tare da su, suna ba da shawara, amma ba su jefa ƙuri'a. Zaman a buɗe yake, talaka yana iya shiga ya saurara. Ƴan'uwa, mu faɗi gaskiya: mu nawa ne muka taɓa zuwa? Bayan an gama, sai a aika wa perefe abin da aka yanke, ya duba ko ya dace da doka.

Tun 2024 kantoma ne ke riƙe da wannan nauyi. Saboda haka hanyar kai kuka yanzu ita ce ta wurin mai gari, ardo, sarkin kanto, da kuma takardar da jama'a suka rubuta da kansu.

Akwai wani abu da ya kamata kowa ya sani. Mai ba da umurnin a kashe kuɗi daban, mai riƙe da jaka daban. Shugaban komin yana sa hannu a biya, amma ba shi ke ajiye kuɗi ba. Ma'aji ne ke ajiyewa, kuma ba ya fidda ko dala sai da takarda. An yi haka ne don kowannensu ya zama ido a kan ɗan'uwansa.

Ina kuɗin ke tafiya?

Kasafi kashi biyu ne. Kashi na farko na tafiyar da aikin yau da kullum ne: albashin sakatare, mai rubuta takardun haihuwa, masu shara, mai gadi, sai man mota, takardu da kuɗin wuta. Kashi na biyu na ayyukan da ke daɗewa ne: ginin aji, sayen teburan lakkol, rijiya, gyaran famfo, ɗakin shan magani, rumfunan kasuwa, wurin yi wa bisashe allura, da magudanar ruwa.

Albashi ba ya jira. Ƙarshen wata dole a biya. Saboda haka in kuɗi suka shigo kaɗan, kashi na farko ne ke cinye su, na biyu ya kwana da yunwa. Mutane su ce ba mu ga aiki ba, ba mu biya. Meri ta ce ba ku biya ba, ba mu iya aiki. Haka ake ta zagaye kamar jakin da aka ɗaure a turke.

A 2016 gwamnati ta miƙa wa komin ƙarin nauyi a fannoni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da kare muhalli. Ke nan maganar ajin zana da iska ta kwashe, ko famfon da ya lalace, ba sai an je Yamai ba. A meri ake fara ta. Komin tana kuma da littafin tsarin ayyuka na shekara biyar. A ciki ake jera abin da kowane ƙauye ke buƙata. Daga cikinsa ake tsamo ayyukan kowace shekara. Aikin da ba a rubuta ba yana da wuyar samun kuɗi.

Takardar haihuwa

Ba karɓar kuɗi kaɗai meri ke yi ba. A can ake rubuta haihuwa, aure da mutuwa. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a sanar da haihuwa. In an haihu a asibiti, a nan ake rubutawa. In a gida ne, a je wurin mai gari ko wurin da aka ajiye littafin sanarwa. Cikin kwanakin nan ba a biyan kome. In suka wuce, sai an bi ta gidan shari'a da shaidu, ga kuɗin mota, ga ɓata lokaci.

Na ga yaro mai ƙoƙari wanda aka tsayar ana gab da jarrabawa don ba shi da takardar haihuwa. Ubansa ya sayar da akuya yana kai da kawowa. Rigakafi ya fi magani. Ran suna, bayan an yanka rago, a tuna da takarda.

Gona da burtali

A 1993 aka yi dokar karkara, wadda ta kawo kwamitocin kula da ƙasa. Akwai na ƙauye, wanda mai gari ke shugabanta. Akwai na komin. A cikinsu akwai wakilan manoma, makiyaya, mata da matasa. In ka sayi gona, ko aka ba ka aro, ko kyauta, ko jingina, kwamitin ƙauye yana yi maka takardar shaida. Shaidun baka suna tsufa, suna mutuwa. Takarda tana zama har jikoki.

Kwamitin komin yana bin burtali, makiyaya da mashaya, yana sa musu alama. Dokar kiwo ta 2010 ta ce makiyayi yana da haƙƙin tafiya da bisashensa neman ciyawa da ruwa. Saboda haka manomi kada ya shuka a burtali. Makiyayi kuma kada ya saki garke cikin gonaki sai ranar da hukuma ta sanar an buɗe su bayan girbi. In ɓarna ta faru, a je wurin sarakuna a sasanta, kada a ɗauki sanda. Komin tana da wurin tsare bisashen da suka ɓace. Wanda ya rasa dabba ya fara dubawa can, da shaidar cewa tasa ce.

Amsar da na kai wa Baba

Da Laraba ta zagayo na koma aji. Na ce: "Baba, na samo abu biyu. Na farko, ƙauyenku bai kai rabin lampon bara ba. Na biyu, an ji labarin rijiyarku a baki, amma ba wanda ya kawo shi a rubuce."

Ya yi shiru. Sai ya ce: "To, Malam, ai yanzu mun iya rubutu."

Ranar ba mu yi lissafi ba. Wasiƙa muka rubuta da Hausa. Ɗalibai suka faɗi zurfin rijiyar gaba nawa ne, gidaje nawa ke sha, garke nawa ke zuwa, da nisan da mata ke tafiya neman ruwa. Kowa ya rubuta sunansa da hannunsa. Mai gari ya sa nasa hannun. Mutum uku suka kai ta meri, suka ce a rubuta musu ranar da aka karɓa, aka rubuta. Rijiyar tana nan ba a gyara ba tukuna. Amma maganarta ta shiga littafi, kuma sun yi alkawari za su koma da kaka, lokacin da ake shirya kasafi, da takardun lamponsu a hannu.

Ƴan'uwa, ga abin da nake roƙonku. Ku biya lampo, ku karɓi takarda, ku adana ta. A kasuwa kada ku ba da ko dala sai an yaga muku tikiti. In kun shiga birni, ku tsaya a ƙofar meri ku duba sanarwar da aka liƙa. In da Faransanci take, ku nemi a fassara muku, lambobin kuwa kun iya karanta su da kanku. In ƙauyenku yana da buƙata, ku taru ku rubuta, ku kai, ku koma ku tambaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya biya yana da bakin tambaya, kuma wanda ya karɓa dole ya ba da amsa.

Allah ya ba mu damana mai albarka da zaman lafiya. Amin.