Makullin API: Yadda kamfanonin taswira ke gane mai ƙwanƙwasa musu ƙofa

Duk lokacin da wani fasinja a Abuja ko Legas ya buɗe manhajar kiran mota a wayarsa ta salula, ya ga taswirar unguwarsu ta bayyana, to akwai wata gajeriyar ma'amala da ta gudana ba tare da saninsa ba.

Manhajar ta aika saƙo ne zuwa manyan kwamfutocin wani kamfanin taswira, kamar Google ko Mapbox ko Esri, tana neman a ba ta hoton tituna da hanyar da za a bi.

A jikin saƙon akwai wani dogon jerin haruffa da lambobi. Shi ake kira makullin API, kuma da shi ne kamfanin ke sanin wace manhaja ce ke tambaya, da abin da aka yarje mata ta ɗauka, da kuma wanda zai biya kuɗin.

Ita dai API, ƙofa ce da kamfani ke buɗewa domin manhajojin wasu su riƙa amfani da ayyukansa kai tsaye, kwamfuta da kwamfuta, ba sai mutum ya shiga tsakani ba.

Littafin bashin mai kanti

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar wannan makulli ita ce a kwatanta shi da littafin bashin mai kanti.

Magidanci kan yi yarjejeniya da mai kantin unguwa cewa duk yaron da ya zo ya ce a rubuta a sunan Alhaji, a ba shi kaya, a ƙarshen wata za a yi lissafi. Mai kanti bai damu da ko wane yaro ne ya zo ba. Sunan da aka ambata shi ne hujjarsa.

Amfanin tsarin a fili yake, haka ma hatsarinsa: ranar da yaran maƙwabta suka gane sunan, Alhaji ne zai biya.

Haka makullin API yake. Yana nuna asusun da za a caja, amma ba ya tabbatar da wanda ke riƙe da shi. Na kamfanin Google, alal misali, haruffa da lambobi 39 ne da ke farawa da AIza, kuma idan ba a gindaya masa sharuɗɗa ba, duk wanda ya kwafe shi zai iya amfani da shi daga ko'ina a duniya.

Daga kyauta zuwa biya

A watan Fabrairun 2005 ne Google ya ƙaddamar da taswirarsa ta intanet. Ba a jima ba wani injiniya mai suna Paul Rademacher ya gano yadda take aiki, ya haɗa ta da tallace-tallacen gidajen haya na shafin Craigslist, ba tare da neman izini ba.

Maimakon ya kai shi kotu, sai kamfanin ya buɗe ƙofar a hukumance a watan Yunin shekarar, daga baya ma ya ɗauke shi aiki.

An ɗauki shekaru ana sassauci, har ma akwai lokacin da ake iya ɗora taswirar a shafi ba tare da makulli ba. A 2016 kamfanin ya fara tilasta wa sababbin shafuka yin amfani da shi.

Babban sauyin ya zo ne a tsakiyar 2018. Daga lokacin, sai mutum yana da makulli da kuma asusun biyan kuɗi. A da ana iya buɗe taswira sau 25,000 a rana kyauta, amma sabon tsarin ya mayar da adadin kimanin 28,000 a wata guda cur. Farashin buɗewa sau dubu kuma ya tashi daga santi 50 zuwa dala 7, wato ninki 14.

Shafukan da ba su bi sabuwar ƙa'idar ba sun wayi gari taswirorinsu sun yi duhu, da rubutu a kansu da ke nuna cewa na gwaji ne kawai.

A watan Maris na 2025 kamfanin ya sake fasalin tsarin, inda ya soke rangwamen dala 200 da yake bayarwa duk wata, ya maye gurbinsa da wani adadi na amfani kyauta ga kowane nau'in aiki.

Kuɗin da ke cikin harkar ba kaɗan ba ne. Takardun da kamfanin Uber ya gabatar a 2019, lokacin da yake shirin sayar da hannayen jarinsa, sun nuna cewa ya biya Google kimanin dala miliyan 58 kuɗin taswira tsakanin 2016 da 2018.

Ga matasa masu rubuta manhajoji a Najeriya, sharaɗin buɗe asusun biya ya zo da tasa wahalar, musamman bayan da bankuna da dama suka dakatar da amfani da katin naira wajen biyan kuɗi a ƙasashen waje a 2022. Sai a 2025 wasu daga cikinsu suka dawo da shi.

Sirrin da ke bainar jama'a

A nan ne gizo ke saƙar. Idan taswira za ta bayyana a shafin intanet, dole ne makullin ya kasance cikin rubutun shafin da ake aika wa kwamfutar mai karatu. Duk wanda ya san inda zai duba zai gan shi cikin minti guda. Na cikin manhajar waya ma ana iya tono shi.

Saboda haka kariyar ba a ɓoye makullin take ba, a taƙaita ikonsa take.

Mai shi zai iya umartar kamfanin da kada ya karɓi makullin sai in saƙon ya fito daga adireshin shafinsa. Idan manhajar Android ce, ana ɗaure shi da sunan manhajar da kuma sa hannunta na lantarki. Idan kuwa babbar kwamfutar ma'aikata ce ke amfani da shi, sai a ɗaure shi da lambar adireshinta na intanet.

Akwai kuma sharaɗi na biyu da mutane da yawa ke mantawa da shi, wato fayyace ayyukan da makullin zai iya buɗewa. Wanda aka bari sakaka yana iya shiga duk wani aiki da aka kunna a asusun, ko da shekaru bayan ƙirƙirarsa ne. Makullin da aka yi don nuna taswirar ofis zai iya komawa hanyar cin bashi a wani aiki mai tsada nesa ba kusa ba.

Kamfanin Mapbox ya raba nasa gida biyu tun daga suna: waɗanda ke farawa da pk na fili ne, masu farawa da sk kuwa na sirri ne, ba a sa su a shafi ko a manhajar waya.

Sai dai kuma duk waɗannan matakai ba garkuwa ba ce ɗari bisa ɗari, domin gwanin kutse na iya ƙirƙirar saƙon da zai yi kamar daga halastaccen shafi ya fito. Shi ya sa ake ba da shawarar a sa iyaka kan yawan buƙatun da makulli zai iya aikawa a rana. Saƙon gargaɗin da Google ke aikowa idan an zarce kasafi sanarwa ce kawai, ba ya tsayar da cajin.

Mafi yawan ɓarnar ma ba daga gwanayen kutse take farawa ba, daga sakaci ne. Wani bincike da masana a jami'ar jihar North Carolina da ke Amurka suka wallafa a 2019 ya gano rumbunan ayyuka sama da 100,000 a dandalin GitHub, inda masu rubuta manhajoji ke ajiye ayyukansu, waɗanda ke ɗauke da makullai da sauran bayanan sirri a fili. Binciken ya ce dubban sababbi ne ke fallasa a kullum.

Goge makullin daga dandalin bayan an farga ba ya wadatarwa, tunda tsohon kwafin yana nan a tarihin ajiyar. Mafita ita ce a soke shi baki ɗaya a ƙirƙiro sabo.

Inda makulli bai isa ba

Duk wannan magana ce ta taswirar da kowa zai iya gani, wadda asararta ba ta wuce ta kuɗi ba. Lamarin ya sha bamban idan aka ɗora bayanan jama'a a kan taswirar.

A yaƙin da aka yi da cutar shan inna a arewacin Najeriya, an zana taswirorin garuruwa da ƙauyuka daga hotunan tauraron ɗan adam, aka kuma riƙa bin sawun ayarin masu rigakafi ta hanyar wayoyin da ke nuna inda suka taka. Bayanai irin waɗannan, a yankin da aka taɓa kai wa masu rigakafi hari, ba abin da za a jingina tsaronsu ga jerin haruffan da kowa zai iya kwafa ba ne.

A irin wannan yanayi ana amfani ne da wani tsari da ake kira OAuth 2.0, wanda aka fitar da ƙa'idojinsa a 2012. Ma'aikaci zai shiga da sunansa da kalmar sirrinsa, sai a ba manhajar wata shaidar wucin gadi da ke lalacewa bayan ɗan lokaci, wadda kuma ba ta buɗe komai sai abin da shi ma'aikacin ke da iznin gani. Kamfanin Esri, wanda gwamnatoci da hukumomi da dama ke amfani da manhajojinsa, yana da hanyoyin biyu.

Akwai kuma OpenStreetMap, taswirar 'yan sa kai da Steve Coast ya assasa a Birtaniya a 2004. Bayananta kyauta ne, kuma ba a neman makulli kafin a karɓi hotunan taswira daga kwamfutocinta. Amma ita ma tana da nata sharuɗɗan: dole manhaja ta bayyana sunanta a kowane saƙo, sashen neman adireshi ba ya yarda a aiko buƙata fiye da ɗaya a daƙiƙa, kuma ana iya toshe wanda ya wuce gona da iri ba tare da gargaɗi ba.