Bustar Sabis da Kukan Lasifika

A ƙarshen Satumban 2021 aka katse layukan waya a wasu sassan jihar Kaduna, har da Birnin Gwari, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Sai a ƙarshen Nuwamba aka maido. Amma mutumin ƙauyen da ke gefen dajin Kamuku ya san rashin sabis tun kafin nan. Ya san tudun da ake hawa, ya san bishiyar da ake rataye waya a reshenta, a zauna a gindi ana jiran saƙo ya shigo.

Ƙarfen sabis yana nesa, ga itatuwa suna shanye saƙon a hanya, balle da damina in ganye ya cika ya jiƙe. Zangon megahaz 900 ya fi na 1800 iya ratsa daji, amma shi ma yakan iso a galabaice. Nan ake neman abin da mutane ke kira busta: eriya guda a kan doguwar sanda tana fuskantar ƙarfen, na'ura ta ƙara wa saƙon ƙarfi, eriya ta biyu ta watsa shi cikin gari.

Ƙara ƙarfin ba shi ne abin wahala ba. Duk wanda ya taɓa zama sahun gaba a masallaci ya san ƙarar nan mai tsinka kunne in ladan ya matsa da makirfo kusa da lasifika. Lasifika ta fitar, makirfo ya kwashe, ya sake mayar mata, haka dai har ta ɓarke da kuka. To, busta ma haka take in eriyar waje ta jiyo ta ciki. Bambancin kawai, kukanta kunne ba ya ji. Ƙarfen sabis ne ke shan sa, wayoyin maƙwabta su yi ta yankewa ba a san dalili ba.

A da, maganin shi ne a nisanta eriyoyin, a sa gini ko tsauni a tsakani. Yanzu lissafi ke yin aikin. Na'urar tana riƙe kwafin abin da ta watsa, ta ƙiyasta yadda zai dawo mata bayan ya bugi bango da itace, sai ta debe shi daga abin da ke shigowa. Da yake iska na kaɗa rassa, mota na wucewa, ƙiyasin ba ya zama wuri guda. Gyara shi take yi babu ƙaƙƙautawa. Tushen dabarar aikin Bernard Widrow ne da ɗalibinsa Ted Hoff a Jami'ar Stanford ta Amurka, a 1960. Busta ta ƙwarai kuma takan rage muryarta da kanta in ta ji alamar kuka.

Ta araha, irin wadda ake sayowa a kasuwa a ɗaura a kan kwano, sau da yawa ba ta da wannan kunya. Shi ya sa Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta hana kafa busta sai ga kamfanonin da ke da lasisi, kuma ni dai ban ga laifinta ba.

Sai dai busta 'yar aike ce, ba ta ƙirƙirar sabis. A watannin nan biyu na 2021, ko wace iri mutum ya kafa, da sola da batir ɗinta, shiru ta riƙa kwasowa.