Yadda Ake Gano Asalin Baƙin Sikandinabiya da Suka Zauna a Amurka

Tsakanin 1850 da 1930, sama da mutum miliyan ɗaya suka bar Suwidin zuwa Amurka. Norwe ta rasa kusan dubu ɗari takwas a cikin ƙarni guda daga 1825, Denmak kuma wajen dubu ɗari uku. Ƙarancin gona da talauci ne suka kore su, musamman yunwar da ta afka wa Suwidin daga 1867 zuwa 1869. Ga kuma dokar Amurka ta 1862 mai ba manomi eka 160 idan ya zauna ya nome ta shekara biyar. Da yawansu sun yada zango a Minesota, Wiskonsin, Ilinoi da Dakota, kuma jikokinsu ne yau ke neman tushensu.

Mabuɗin binciken shi ne sunan gundumar cocin da aka haifi kakan, domin a wancan zamani a Sikandinabiya limaman coci ne ke riƙe rajistar jama'a, kowa da gundumarsa. Don gano wannan suna, daga Amurka ake farawa: takardun ƙidaya, takardar zama ɗan ƙasa, rajistar cocin Lutheran, da tsoffin wasiƙun da iyali suka adana. Yawancin takardun ƙidayar 1890 sun salwanta sakamakon gobarar 1921, babban giɓi ke nan. Jerin fasinjojin jirgin ruwa kan ruɗar da mutum, don matafiya da yawa sun bi ta Hull a Ingila, suka hau jirgin ƙasa zuwa Libaful, daga nan suka tsallaka teku. Rajistar da 'yan sanda suka buɗe a Kofanhegan ta Denmak a 1868 da Gotenbag ta Suwidin a 1869 ta fi amfani, don takan faɗi inda matafiyi ya fito.

Suna ne ya fi wahalar da mai bincike. Ɗan Anders shi ne Andersson, 'yarsa Andersdotter, amma jikansa ta wajen ɗansa Lars sai ya zama Larsson. Bahaushe ya san wannan tsari, tunda shi ma sunan uba yake jinginawa da nasa, ko sunan garinsu. A Norwe mutum kan ƙara sunan gonar da yake zaune, in ya tashi sunan ya canza, har dokar 1923 ta wajabta sunan iyali na dindindin. A Amurka kuma Johansson ya koma Johnson.

Da zarar an gano gundumar, wahalar ta biya. Dokar coci ta 1686 ta ɗora wa limaman Suwidin aikin rubuta haihuwa, aure da mutuwa. Mafi daraja shi ne littafin jarrabawar gidaje: a da, kowace shekara limami yakan gwada karatu da ilimin addinin mutanensa, ya jera maigida, uwargida, yara har da barori, da ranar haihuwar kowa. In mutum ya yi ƙaura sai a ja layi a kan sunansa, a rubuta inda ya nufa, wani lokaci Amurka kawai da shekarar tafiya.

Ma'ajiyoyin tarihi na ƙasashen uku sun sa hotunan waɗannan littattafai a intanet kyauta: Riksarkivet a Suwidin, Digitalarkivet a Norwe, Arkivalieronline a Denmak. Abin da ya rage wa mai nema shi ne haƙurin koyon tsohon rubutun hannu, da tabbatar da ranar haihuwa kafin ya amince cewa wannan Lars ɗin ne kakansa.