Gandun dajin W: dukiyar ƙasa da ke jiran maziyartanta

A kudancin birnin Yamai, tafiyar kilomita kamar 150, akwai wani daji wanda aka haramta ma gatari da garma da bindigar maharbi shiga cikinsa fiye da shekara 70 ke nan. Shi ne gandun dajin W, cikin gundumar Sayi ta jahar Tillaberi. Faɗinsa a ɓangaren Nijar hekta 220,000 ne. Idan aka haɗa da ɓangaren Binin da na Burkina Faso, domin dajin bai san iyakar ƙasa ba, ya kai hekta miliyan guda. Da yawa daga cikin mutanen Maradi da Damagaram da Tawa sun ji sunansa a rediyo ko a bakin malamin makaranta, amma kaɗan ne suka taɓa kwana a cikinsa. A yau kuwa, ko mai niyya ba ya da hanya, saboda rashin tsaro ya rufe ta. Domin haka ya kamata a san abin da ke ciki, da yadda ake ziyartarsa, da abin da ƙasa za ta rasa in har aka manta da shi.

ASALIN SUNAN DA TARIHIN WURIN

Sunan ya samo asali ne daga kogin Kwara. A daidai wannan wuri kogin ya ci karo da wutsiyar duwatsun Atakora, ya kasa ratsa su kai tsaye, sai ya riƙa lanƙwasa yana komawa, har ya zana siffar harafin W na boko ga wanda ya dubi taswira. Kogin shi ne iyakar dajin daga gabas. Daga arewa rafin Tapowa ya tsare shi, daga kudu kuma kogin Mekuru, wanda ya raba Nijar da Binin.

Wurin ba kango ba ne tun fil'azal. Masu binciken tarihi sun tono kayan aiki na dutse a kwarin Mekuru, abin da ya nuna ɗan Adam ya zauna nan tun dubban shekaru, sun kuma samu kufan matoyar tama inda maƙeran dauri ke narka ƙarfe. Duk inda matafiyi ya ga kukoki sun taru wuri guda a tsakiyar dajin, sau da yawa kufan wani tsohon gari ne. Abin da ya rage yawan jama'a a bakin rafukan shi ne ƙudan tsando mai kashe shanu, da wani ƙaramin baƙin ƙuda na bakin ruwa mai gudu, wanda cizonsa ke kawo makanta. Ƙauyukan da suka rage kuwa, Turawan mulkin mallaka suka tashe su lokacin da suka keɓe wurin. Ranar 4 ga watan Agusta na 1954 aka ba shi matsayin gandun daji na ƙasa.

Bayan samun mulkin kai gomnatin Nijar ta ci gaba da riƙonsa. A 1962 aka keɓe dajin Tamu da na Doso domin su zamanto katanga gare shi. A 1987 aka sa shi cikin jerin wuraren dausayi na yarjejeniyar Ramsar. A 1996 hukumar UNESCO ta rubuta shi cikin kayan gadon duniya, a 2017 kuma aka faɗaɗa wannan matsayi ya haɗa da dajin Arli na Burkina Faso da na Panjari na Binin.

HANYA DA LOKACIN ZUWA

A shekarun da hanya ke buɗe, mai ziyara yakan tashi daga Yamai da sanyin safiya, ya ƙetare gada zuwa gaɓar dama ta kogi, ya bi kwalta har Sayi. Daga nan sai hanyar jar ƙasa ta Tamu, har ya isa Tapowa, inda ƙofar dajin take, da ofishin ma'aikatan ruwa da dazuzzuka, da masaukin baƙi. A nan ake biyan kuɗin shiga, a nan kuma ake ɗaukar ɗan jagora, domin ba a barin kowa ya shiga shi kaɗai. Wasu kuma sukan biyo ta ruwa cikin kwalekwale, su sauka a Kare Kopto ko a Bumba, inda Mekuru ke zuba cikin Kwara. Mutanen waɗannan garuruwa sun yi sansanonin saukar baƙi a bakin kogi.

Ba kowane wata ake zuwa ba. Da damina rafuka sukan cika, hanyoyi su zama laka, ciyawa ta shanye mutum tsaye, saboda haka akan rufe dajin. Bayan kaka ma'aikata sukan sa wutar farko tun ciyawa na da sauran danshi, domin kada gobarar bazara ta zo ta cinye itatuwa, sa'an nan su gyara hanyoyi. Daga watan Disamba zuwa Mayu ne lokacin baƙi. Wanda ke son kwanan daji cikin daɗi sai ya zaɓi Disamba ko Janairu, lokacin hunturu, amma ya tafi da bargo, domin sanyin asuba a bakin kogi ba wasa ba ne. Wanda kuwa burinsa ganin namun daji ne, sai ya yi haƙuri da zafin Maris da Afirilu, lokacin da ma'aunin zafi ke wuce 40. A lokacin ƙananan tafkuna sun ƙafe, dole kowace dabba ta zo inda ruwa ya rage, kuma a nan ake jiranta.

KWANAN DAJI DA ƘA'IDOJINSA

Guzurin mai kwanan daji ba shi da yawa, amma kowane abu a cikinsa yana da ranarsa: tanti ko gidan sauro, tabarma da bargo, tocila, maganin masassara, ruwan sha isasshe, mai da tayar ajiya domin mota, da abincin da ba ya lalacewa cikin zafi. Ba a kafa tanti inda rai ya so, sai wurin da hukuma ta nuna, kuma nesa da turbar da dabbobi ke bi zuwa ruwa. Dorina takan fito kiwo da dare, wanda ya kwanta tsakaninta da kogi ya sa kansa cikin haɗari.

Dokokin wurin a fili suke. Ba a shiga da bindiga ko kare. Ba a barin hanya a kutsa cikin ciyawa da mota, ba a yawo bayan faɗuwar rana, ba a sauka daga mota sai inda ɗan jagora ya yarda. Wutar dafa shayi a share mata wuri, a kashe ta da ƙasa kafin a kwanta. Ba a ba gwaggon biri abinci, domin wanda ya saba da hannun mutum gobe shi ne zai yaga jakar wani baƙo. Abin da aka shigo da shi na gwangwani da leda, da shi ake fita. Idan giwa ta tare hanya, musamman mai ɗa, sai a tsaya nesa a yi shiru har ta wuce, gama ita ce mai gida.

Wanda ya kiyaye waɗannan yakan samu ladan wahalarsa. Da magariba zabin daji sukan hau itace da hayaniya, kura ta yi kuka daga nesa, wani dare kuma a ji gurnanin zaki wanda ke sa hira ta tsaya cak. Da asuba ake fita, tun rana ba ta yi zafi ba, a dawo da hantsi a huta ƙarƙashin tsamiya, a sake fita da la'asar.

ABIN DA IDO KE GANI

Dajin W ba duhun kurmi ba ne irin na bakin teku. A kan tudu akwai geza da taramniya da marke da kuka, a gangare akwai ɗorawa da kaɗanya da tsamiya, a bakin rafuka kuma maɗaci da kanya sun haɗa kai sun yi inuwa mai sanyi, ga giginyu jere a gaɓar Kwara. Itatuwa ne da dattawan ƙasar Hausa suka sani a bayan garuruwansu tun suna yara, kafin fari da gatari su rage su. Rafin Tapowa da kogin Mekuru sun yanka duwatsu sun yi kwazazzabai masu zurfi, inda ruwa ke kwantawa har ƙarshen rani.

Cikin namun dajin akwai giwa da ɓauna da gwanki da kanki da mariya da mazo da gada da gadu, akwai zaki da damisa da kura da dila. A ruwa akwai dorina da kada da ayu. An ƙidaya tsuntsaye fiye da iri 350, daga burtu da gauraka har zuwa waɗanda ke tasowa daga Turai su yi hunturu a nan. Raƙumin dawa ne ba a samu a W. Mazauninsa yankin Kure ne, gabas da Yamai.

Darajar wurin ta wuce ta kallo. Dazuzzukan W da Arli da Panjari su ke riƙe da garken giwaye mafi girma da ya rage a Afirka ta Yamma. Wani bincike da aka buga a 2014 ya ƙiyasta zakunan da suka rage a yankin Afirka ta Yamma duka ba su wuce kamar 400 ba, kuma mafi yawansu a waɗannan dazuzzuka uku suke. In suka ƙare a nan, zaki zai koma sunan da ake ji a tatsuniya da kirarin sarakuna kawai.

MAƘWABTAN DAJIN

Gurmawa da Fulani da Zabarmawa da Hausawa ne ke zaune kewaye da gandun, kuma zamansu da shi bai rasa tsami ba. Shirin yaƙi da makantar bakin kogi da aka soma a 1974 ya sa ƙasar da ake gudu a da ta zama abin nema. Farin 1973 da na 1984 suka koro manoma da makiyaya daga arewa. A 1976 aka yanke wani babban sashe na dajin Tamu aka ba da shi domin noma. Makiyayi da ya ga shanunsa na ramewa alhali ciyawa na tsaye a hayin Tapowa, da wuya doka ta tsai da shi. Manomin da giwa ta tattake ma gero a dare ɗaya, shi ma yana da abin faɗi.

Shi ya sa tun daga 2001, lokacin da ƙasashen uku suka shiga wani shirin haɗin gwiwa da tallafin Tarayyar Turai, aka mai da hankali ga samar ma maƙwabtan dajin rabonsu. Samari suka zama 'yan jagora da matuƙa kwalekwale, garuruwa suka samu kuɗin saukar baƙi, ƙauyen Moli Hausa da ke kusa da Tapowa ya yi suna wajen kiwon zuma. Wanda ke cin abinci daga rayuwar giwa ba ya nuna ma mafarauci inda take kwana.

RASHIN TSARO YA RUFE ƘOFA

Wannan ɗan ci gaba ne rashin tsaro ya katse. A ƙarshen 2018 aka kafa dokar ta-ɓaci a gundumar Sayi tare da Torodi da Tera. 'Yan bindiga suka gane cewa daji mai faɗi wanda ya ratsa iyakokin ƙasa uku maɓoya ce mai kyau. Ranar 9 ga Agusta na 2020 aka kashe mutum 8 a yankin raƙuman dawa na Kure, Faransawa 6 da 'yan Nijar 2, abin da ya karya yawon buɗe ido a yammacin ƙasa. A watan Fabrairu na 2022 wasu hare-hare suka hallaka mutum 9 a ɓangaren Binin na dajin W, a 2025 kuma sojojin Binin da dama suka kwanta dama kusa da mahaɗar iyakokin uku. Ma'aikatan daji sun rasa 'yan'uwansu a bakin aiki.

Saboda haka wajibi ne a faɗa a fili: kada kowa ya ɗauki iyalinsa ko 'yan makaranta ya nufi Tapowa, sai ranar da mahukunta suka ba da sanarwar buɗe hanya. Rigakafi ya fi magani.

Amma rufe ƙofa yana da tsada. Inda mai gadi ya janye, mafarauci da mai saran itace su ke maye gurbinsa. Ɗan jagoran da ya san kowane tafki da kowace turba yana zaune babu aiki, ilminsa kuwa ba a rubuce yake ba. Garuruwan bakin kogi sun rasa kuɗin baƙi, kuma saurayin da ya rasa sana'a shi ne wanda miyagu suka fi saurin ruɗa.

ABIN DA YA RAGE GA JAMA'A

Akwai abin yi tun kafin zaman lafiya ya dawo. Malaman makaranta suna iya koya ma yara sunayen itatuwa da namun daji da harshensu, su kai su gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai su ga zaki da dorina da idonsu, gama gani ya kori ji. Mutanen jahar Maradi suna da gandun Gadabeji, inda aka kai raƙuman dawa 8 daga Kure a 2018, kuma kula da shi aikinsu ne. Mai sayen naman daji ko hauren giwa a kasuwa ya san cewa doka ta 1998 kan farauta da kare namun daji ta shafe shi, kuma kuɗinsa ne ke ɗora ma mafarauci bindiga.

A shekarun baya yawancin masu kwana a Tapowa baƙi ne daga ƙetare, 'yan ƙasa kuwa suna ganin kwanan daji aikin Bature ne. Wannan tunani ya kamata ya canza. Dajin da masu shi ba su sani ba, ba za su tashi kare shi ba. Ranar da hanyar Tamu ta sake buɗewa, ya dace motocin farko da za su tsaya a ƙofar gandun su zamanto ɗauke da 'yan makarantar Yamai da Doso da Tawa da Maradi da Damagaram, kowa da tabarmarsa da bargonsa. Allah ya maido da zaman lafiya, ya nuna ma kowa wannan rana.