Ƙera jirgin sama a gida: inci biyu na iya kifar da aikin shekaru

Duk mai bin hanyar Gider zuwa Mubi ya san motocin da masu walda suka ƙara wa bodi, aka ja shasi baya, aka ƙara sifirin, don su kwashi buhunan gyaɗa fiye da yadda kamfani ya tsara. Mun kuma san yadda gaban irin wannan mota ke ɗagawa a hawa idan lodi ya rinjaya baya. Direba kan tsaya, yaran mota su sa weji a gyara. To amma matasanmu masu sha'awar ƙera jirgin sama, in suka ɗauki wannan ɗabi'a ta ƙari, ina za su tsaya su gyara?

Sha'awar dai ba sabuwa ba ce. A shekarar 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da kujerun tsohuwar Toyota, ya kuma ɗaga shi, ko da yake bai wuce ƙafa 7 daga ƙasa ba. Yau kuwa zanen tsofaffin jirage masu fukafuki na yawo a intanet, kowa na iya saukewa a wayarsa.

Ɗaya daga cikin fitattunsu shi ne Pietenpol Air Camper, wanda wani bakanike Ba'amurke, Bernard Pietenpol, ya fitar a 1929. Na katako ne da yadi, mai ɗaukar mutum biyu, da injin mota Ford Model A. Faɗin gangar jikinsa inci 24 ne kawai, wato kimanin santimita 61. Alhaji mai jiki da babbar riga ba zai shiga cikin daɗi ba, shi ya sa masu ƙerawa da yawa kan ƙara inci biyu. Sai dai ƙarin ba ya tsayawa nan: sai an sake ƙarafan da ke riƙe fiffike, da mazaunin tayu, da mazaunin inji, kowannensu kuma da nauyinsa.

Ƙara tsawo ya fi haɗari. Jirgi kamar sikelin kasuwa yake, yana da wurin da nauyin gaba da na baya ke daidaita. A wannan jirgi, wurin sai ya faɗa tsakanin inci 15 da 20 daga bakin fiffike. Tazarar ba ta kai tsawon biro ba! Kilo ɗaya da aka ƙara a wutsiya, mita uku a baya, sai an rama shi da kilo uku a hanci, mita ɗaya a gaba. Matuƙi kuma a kujerar baya yake zama, don haka ƙibarsa ma tana cikin lissafi. Idan baya ya rinjaya, hancin jirgi kan ɗaga, gudu ya ragu, fiffike ya daina ɗauka, jirgi ya juyo ƙasa.

Shi kansa Pietenpol ya ƙara tsawon gangar a shekarun 1960, lokacin da ya koma injin Chevrolet Corvair wanda bai kai na Ford nauyi ba, amma da lissafi ya yi, ya kuma fitar da sabon zane.

Saboda haka 'yan'uwa 'yan kasuwa, in yaro ya zo neman gudummawa da zane a hannu, a tambaye shi me ya canza da kuma wanda ya duba masa lissafin. A tambaye shi ko hukumar sufurin jiragen sama, CCAA a Kamaru ko NCAA a Nijeriya, ta san da aikin. Awon kansa ba ya gagara: sikeli uku, ɗaya ƙarƙashin kowace taya, jirgi a daidaice, a auna shi babu kowa ciki, sannan a sake da matuƙi da mai a tanki. Sikeli kuwa muna da shi a kowace rumfar hatsi.